Damuwa da rashin barci: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita min

Tambayoyin nan dai su ne kullum, a wurin aiki, a gidan suna, har a bakin ƙofar gida. Ga amsoshin wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Damuwa ciwo ce?

Ta yau da kullum ba ciwo ba ce. Jiki ne ke ɗaura ɗamarar kare kansa: gaba ya faɗi, zuciya ta ƙara bugu, sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ya hau. Ana shiga matsala ne idan ya hau ya ƙi sauka, wata da watanni.

Ba raunin imani ba ne?

A'a, kuma ku daina faɗa wa mutane haka. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Mutum ya zo maka da zuciya a cunkushe, ka ce masa ba shi da tawakkali, ka ƙara masa kaya ne kawai. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Wane abinci ne ke maganinta?

Babu. Ka ci a kan lokaci, ka sha ruwa. Abin da zan ce ka rage shi ne goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari daga la'asar zuwa sama. Duk suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jininka. Ka raba dare a teburin mai shayi, sannan ka ce aljanu ne suka hana ka barci? Haba malam.

Ba na iya kwanciya sai sha biyu saboda zafi da rashin wuta, ga sallar asuba, ga fita nema. Ina zan samo awa 7? Ko in sayi ƙwayar barci?

Wannan kam tambaya ce, kuma amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa. Gaskiya ne baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Gaskiya ne kuma wanda ke kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu, fanka a tsaye, ba zai samu haka a jere ba. Don haka ka fara lissafa barcinka na yini da dare gaba ɗaya. In ka samu awa 5 kafin asuba, ka ƙara awa guda bayan salla in aikinka ya bari, sannan ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, ka matso kusa. Barci a jere ya fi, ban ce daidai suke ba, amma wannan ya fi zama da awa 5 kawai. Sai dai ƙailular kada ta kai bayan la'asar, in ba haka ba za ta cinye maka barcin dare. Wasu kuma ko ta rana ba ta karɓe su ba, sukan tashi kai ya yi nauyi; in kana cikinsu, bar ta.

Ka kuma duba ko da gaske zafi ne ke kai ka sha biyu. Sau da yawa waya ce a hannu. Ka watsa ruwa kafin kwanciya, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida in akwai tsaro, ka ɗaura gidan sauro, wayar kuma ka bar ta a ɗaki. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, har ranar hutu. Asuba ma ta riga ta taimake ka a nan.

Mai jego, mai gadi da direban dare, lissafinsu daban ne, kuma ba zan yi musu ƙaryar cewa akwai dabarar da za ta gyara komai ba. Mai jego a karɓar mata jariri ta runtsa, wannan aikin miji ne da dangi. Wanda kuma ke minshari har numfashinsa na ɗaukewa, ya tashi a gajiye ko ya yi awa 8, likita zai gani.

Ƙwaya kuwa, kada ka saya a kemis da kanka. Irin su diyazefam jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni. In kuma ka riga ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga. A hankali ake ragewa, a hannun likita.

Motsa jiki dole ne?

Dole. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Sauka daga adaidaita sahu tun kafin a kai, ka ƙarasa da ƙafa da ɗan sauri. Ke kuma 'yar'uwa da ba ki cika fita ba, daka, shara da zagayen tsakar gida duk suna cikin lissafi, muddin numfashinki ya ɗan ɗaga.

Abokina ya ce tiramadol na sa a manta da damuwa.

Abokinka zai kai ka ya baro. Maganin ciwo ne mai kama jiki, yana kuma iya sa jijjiga. Ba banza ba gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, ɗan'uwan tiramadol wajen kama jiki, a 2018. Mun ga abin da ya yi wa matasa da matan aure. Bashin da ya dame ka yana nan, ga jaraba ta ƙaru.

To yaushe zan je asibiti?

Idan ka kai mako 2 cikin ƙunci kusan kullum, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, abinci ko barci ya rikice, aiki ya gagara. Ka fara da asibitin da ke kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin ka haukace, kwantar da hankalinka. Da yawa a duba su ake yi su koma gida a ranar. In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, ba maganar jiran mako 2. Ka gaya wa wanda ka amince da shi yau, ya raka ka asibiti, kuma kada a bar ka kai kaɗai.