Kafafen Sada Zumunta da Siyasa a Jihar Zamfara

Kafafen sada zumunta dandali ne na intanet da ke ba duk mai riƙe da waya damar wallafa rubutu ko hoto ko murya ko bidiyo, jama'a su gani, su yi tsokaci, su kuma tura wa wasu. Waɗanda suka fi karɓuwa a ƙasar Hausa su ne Facebook, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 2004, da WhatsApp na 2009, da TikTok mallakar kamfanin ByteDance na ƙasar Sin, sai Twitter da aka sauya wa suna zuwa X a 2023. Tasirinsu a kan dimokuraɗiyya ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wane ne ke da ikon yin magana a ji shi, kuma wane ne ke iya rufe masa baki? Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, ta ga ɓangarorin wannan tambaya duka biyu a zahiri.

Daga rediyo zuwa waya

Kafin shigowar wayar salula Najeriya a 2001, rediyo ne babbar hanyar da talakan Gusau ko Ƙauran Namoda yake jin labarin masu mulkinsa, musamman Rediyon Tarayya na Kaduna da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Mai sauraro yana ji ne kawai, in yana da ƙorafi sai ya kai shi majalisa ko teburin mai shayi, a nan maganar take mutuwa. Wayar zamani ta juya wannan tsari, domin yanzu mai sauraro shi ma mai watsa labari ne.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne saƙon murya. Manomin da bai yi boko ba, da uwar gida da ke cikin kulle, suna iya danna waya su faɗi abin da ke ransu da Hausarsu ta Zamfarci, saƙon ya ratsa zaurukan WhatsApp na 'yan gari ɗaya, da na 'yan jam'iyya, da na ɗaliban wani malami, kafin la'asar ya isa kunnen ɗan majalisa a Abuja. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ya san yadda ake shan wuya kafin a ga shugaban ƙaramar hukuma ido da ido ba zai raina shi ba.

Matsalar tsaro ce ta fi nuna ƙarfin waɗannan kafafe. Shekaru da dama ana kashe mutane a ƙauyukan Zurmi da Maru da Anka da Shinkafi, manyan jaridun ƙasa ba su ba abin muhimmancin da ya kamata ba, hotuna da bidiyon da mazauna yankin suke ɗauka da wayoyinsu ne suka tilasta wa sauran ƙasa waiwayowa. A watan Afrilun 2019 aka yi zanga-zanga a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, wadda aka yi gangaminta ta intanet, 'yar jarida Kadaria Ahmed tana cikin jagororinta, kuma a cikin kwanakin ne Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Haka kuma sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 ya karaɗe duniya cikin sa'o'i kaɗan.

Sojojin baka da labaran ƙarya

Kamfanonin da suka mallaki waɗannan kafafe da talla suke samun kuɗi, saboda haka tsarin kwamfutarsu yakan fifita duk abin da zai riƙe mutum a kan waya. Zagi da habaici da labari mai tayar da hankali sun fi bayanin kasafin kuɗi jan jama'a, don haka su ne suke hawa sama. 'Yan siyasa sun gane wannan da wuri. Kusan kowane mai neman kujera yana da matasan da ake kira 'yan soshiyal midiya ko 'yan data, waɗanda ake saya wa waya da data, wani lokaci a ba su muƙamin mataimaki na musamman, aikinsu shi ne yabon maigida da kare shi da sukar abokin hamayyarsa. Magada ne ga sojojin baka na gidajen rediyo, sai dai su babu editan da zai tace maganarsu kafin ta fita. Abin takaici shi ne yawancinsu matasa ne masu ilimi da basira, rashin aikin yi ne ya sa suka jingina bakinsu, har ya zama mai karatu ba ya iya bambance ra'ayin da ya fito daga zuciya da wanda aka biya.

Labarin ƙarya kuwa ya fi yin ɓarna a WhatsApp, inda saƙo yake zuwa daga ɗan'uwa ko aboki, mutum ya gaskata shi saboda darajar wanda ya turo. A 2018 jita-jitar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani Jibrin daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Folan. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda don rage irin wannan. A yankin da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya, tsohon hoto daga wata ƙasa da aka liƙa wa sunan wani ƙauye yana iya jawo ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Su kansu 'yan bindiga, irin su Bello Turji, suna sakin bidiyo don yin barazana da kare ta'asarsu.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa a waya ake cin zaɓe. Lokacin da Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci Bello Matawalle a 2023, an yi muhawara mai zafi a Facebook, amma mai zaɓe a karkara yana auna maganar malaminsa da dattawan garinsu, da halin tsaron hanyar gonarsa, fiye da yawan mabiyan ɗan takara.

Doka da katse layi

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki, amma an sha yunƙurin taka wa kafafen burki. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah mai wakiltar Kebbi ta Kudu ya gabatar da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin shekara biyu ko tarar naira miliyan biyu ga wanda ya yaɗa kalaman ɓatanci ta saƙon waya ko intanet, sai dai majalisar dattawa ta janye shi a 2016 bayan jama'a sun yi masa ca. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuwa ta tsaya, kuma an yi amfani da sashenta na 24 wajen kama 'yan jarida da masu suka kafin a yi mata gyara a 2024. A Yunin 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka.

Zamfara ta ɗanɗana abin da ya fi wannan tsanani. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, bisa buƙatar gwamnatin jihar, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 gaba ɗaya, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mutane da yawa sun goyi bayan matakin da farko saboda sun gaji da zubar da jini. Amma rana ɗaya aka wayi gari masu POS sun rufe, ɗan kasuwa ba ya jin farashi, mai son gaishe da iyaye sai ya rubuta wasiƙa ya kai tasha ya ba direba, wasu kuma suna hawa mota zuwa jihohin maƙwabta don kawai su buga waya. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman agaji, sauran ƙasa kuma ba ta jin komai daga jihar sai abin da hukuma ta sanar. An fara maido da sabis a Gusau bayan kimanin wata guda, sauran yankunan suka ƙara jiran makonni.

A Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa ta PDP a lokacin da aka hana tarukan siyasa. Hukumar kula da gidajen watsa labarai ta ƙasa ta ce jiha ba ta da hurumin yin haka, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin.