Waiwaye: Yadda Aka Fara Nema Wa Jarabar Caca Magani A Asibiti

Shekaru aru-aru ana kallon ɗan caca a matsayin mutumin da zuciyarsa ta mutu, wanda babu abin da ya dace da shi sai nasiha, ko horo, ko a sallama shi. A Amurka aka soma sauya wannan tunani, lokacin da wasu masu fama da jarabar suka kafa ƙungiyar Gamblers Anonymous a birnin Los Angeles a 1957 domin su riƙa ƙarfafa wa juna gwiwa. A 1972 wani likitan ƙwaƙwalwa, Robert Custer, ya buɗe sashen kwantar da 'yan caca a asibitin tsofaffin sojoji da ke Brecksville a jihar Ohayo, kuma ƙoƙarinsa na cikin abin da ya sa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da matsalar cikin kundin cututtukanta a 1980.

Sai dai sanya wa cuta suna daban ne, samun maganinta daban. Da farko likitoci sun ɗauka cewa jarabar caca 'yar uwar ciwon waswasi ce, saboda haka a ƙarshen shekarun 1990 suka gwada magungunan da ake bai wa masu ciwon damuwa. Sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba: wani gwajin ya nuna sauƙi, na bayansa ya rushe shi.

Hasken da ya fi ƙarfi daga ɓangaren shaye-shaye ya fito. Akwai wani magani mai suna naltirezon, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1984 domin masu shan hodar heroyin da danginta, sannan a 1994 domin mashaya giya. Aikinsa shi ne ya toshe wasu ƙofofi a ƙwaƙwalwa waɗanda jin daɗi ke bi, ta yadda abin da mutum ke ɗoki sai ya yi masa lami. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai buga cacar ƙwallo ya san wannan ɗokin: ido a kan waya, tikiti a damƙe a hannu, wasa ɗaya ya rage, zuciya na dukan uku-uku. Sau da yawa wannan zumuɗin ne yake mayar da shi, ba kuɗin ba. A 2001 Suck Won Kim da Jon Grant na Jami'ar Minesota suka wallafa gwajin da suka yi, inda kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin suka samu sauƙi sosai, a kan kashi 24 na waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma ƙofa ta buɗe. Daga baya an lura cewa maganin ya fi karɓar masu tsananin ɗoki da waɗanda ake da tarihin shan giya a danginsu.

Abin da ya fi girgiza ni a wannan tarihi, ta bayan gida ya shigo. A 2005 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mutum 11 masu cutar karkarwar jiki ta Parkinson, waɗanda suka tsunduma cikin caca bayan an ɗora su a kan magungunan da ke kwaikwayon sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi a ƙwaƙwalwa. Wasunsu ba su taɓa damuwa da caca ba a rayuwarsu, amma suka yi asarar dukiya mai yawa, kuma da aka rage maganin ko aka dakatar, sai jarabar ta lafa. Idan har ƙwaya za ta iya jefa dattijo mai kamun kai cikin caca, to ba adalci ba ne a ce raunin hali ne kaɗai ke riƙe da kowane ɗan caca. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da matsalar rukuni ɗaya da shaye-shaye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a kundinta da ya fara aiki a 2022.

Duk da haka, har yau hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani a matsayin na caca ba. Aro ake yi daga wasu cututtuka. A ƙasar Finlan an gwada shan naltirezon a lokacin da sha'awa ta taso kawai, an kuma gwada wani ɗan uwansa da ake fesawa a hanci, duka biyun ba su nuna wani fifiko a kan ƙwayar wofi ba. A watan Janairun 2025 hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta fitar da ƙa'ida cewa a fara da zaman tattaunawa da ƙwararre mai gyara tunani da ɗabi'a, sai idan hakan bai wadatar ba, ko mutum yana ta komawa ruwa, sannan a duba yiwuwar ba shi naltirezon.

Wannan tsarin na da dalili, domin maganin yana iya kawo tashin zuciya, kuma ana bukatar gwajin hanta kafin a fara shi. Babban haɗarinsa ga matasanmu shi ne, wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko kodin, idan ya haɗiye shi ba da sanin likita ba, nan take zai faɗa cikin azabar yankewar ƙwaya, da amai da gumi da murɗawar ciki. Saboda haka iyayen da ɗansu ya sayar da babur ko ya ci jarin shago a caca, asibitin ƙwaƙwalwa ya kamata su nufa da shi, ba kantin sayar da magani ba, kuma su faɗa wa likita gaskiyar duk abin da yaron yake sha.