Tsarin Kodály na koyar da yara kiɗa da waƙa

Tsarin Kodály hanya ce ta koyar da yaran firamare kiɗa da waƙa wadda ta samo asali a ƙasar Hangari a tsakiyar ƙarni na 20. Ana kiran ta da sunan Zoltán Kodály, wanda ake furtawa "Kodai", masanin kiɗa kuma mai tsara waƙoƙi, da aka haifa a garin Kecskemét a 1882, ya rasu a Budapest a 1967. Ginshiƙin tsarin shi ne muryar yaro: kafin a danƙa masa wani kayan kiɗa, sai ya iya rera waƙoƙin gargajiyar mutanensa da bakinsa.

Asali

Tun daga 1905 Kodály ya riƙa shiga ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma da makiyaya, yana ɗaukar muryoyinsu da na'urar naɗar sauti ta wancan zamani mai aiki da kakin zuma. Ba da jimawa ba abokinsa Béla Bartók ya shiga aikin. A can suka tarar da tsofaffin waƙoƙi da 'yan birni suka manta, da yawansu an gina su a kan sautuka biyar kacal. A 1906 Kodály ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ginin baitocin waɗannan waƙoƙi, daga baya ya zama malami a babbar makarantar kiɗa ta Budapest.

Ana ba da labarin cewa wajen 1925 ya ji wasu ɗalibai suna rera irin waƙoƙin da ake koya musu a makaranta, rauninsu ya dame shi ƙwarai. Daga nan ya karkata ga yara. Ya rubuta maƙaloli masu zafi yana sukar yadda ake horar da malamai, ya kuma zauna ya tsara waƙoƙi domin ƙungiyoyin mawaƙa na yara, aikin da manyan masu tsara kiɗa na lokacin ba su cika kulawa da shi ba. Ra'ayinsa shi ne kiɗa haƙƙin kowa ne, kuma waƙar gargajiya ita ce harshen uwa na kiɗa: yadda yaro ke fara magana da harshen gidansu, haka ya kamata ya fara waƙa. Mai karatu zai gane nufinsa idan ya tuna yadda yarinya ke haddace waƙoƙin gaɗa a dandali ba tare da allo ba.

Wajen 1935 ya haɗa kai da tsohon ɗalibinsa Jenő Ádám suka shiga gyaran manhaja da rubuta littattafan aji. Kodály da kansa bai taɓa rubuta tsarin daki-daki ba. Almajiransa ne suka yi, ciki har da Katalin Forrai a ɓangaren yara ƙanana da Erzsébet Szőnyi a karatun rubutun kiɗa. A 1950 aka buɗe firamare ta farko mai darasin waƙa kullum a Kecskemét, ƙarƙashin Márta Nemesszeghy. Cikin shekaru kamar ashirin irin waɗannan makarantu suka haura ɗari a faɗin ƙasar.

Dabarun aji

Kusan duk dabarun aro ne, abin da Hangari ta yi shi ne haɗa su da jera su. Sunayen sautuka, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, asalinsu na komawa ga malamin kiɗa Guido na garin Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11. Salon da ake matsar da "do" zuwa duk inda waƙa ta kafu ya fito ne daga Ingila, daga aikin Sarah Glover da John Curwen a ƙarni na 19. Wannan salon ne 'yan mishan suka yaɗa a Afirka, har yau mawaƙan coci a Najeriya na karanta waƙa da shi.

Daga Curwen aka ɗauko alamun hannu. Dunƙulallen hannu shi ne "do", tafin hannu a kife "mi", babban yatsa yana kallon ƙasa "fa". Malami na ɗaga hannu ko ya sauke gwargwadon hawa da saukar murya, sai yaro ya ga sautin da yake ji. Don tsawon bugu ana amfani da kalmomi irin "ta" da "ti-ti", waɗanda aka gyara daga tsarin Bafaranshe Émile Chevé. Tafi da taku da wasan zagaye kuwa suna da tasirin malamin kiɗa Émile Jaques-Dalcroze na Suwizalan.

Ana farawa da sautuka biyu, "so" da "mi", sannan "la", sai "do" da "re". Ana jinkirta "fa" da "ti" domin tazararsu da maƙwabtansu ƙarama ce, ƙananan yara kan kauce a wurin. Yaro na rera abu ya saba da shi tukuna kafin a faɗa masa sunansa ko a nuna masa a rubuce.

Yaɗuwa

Duniya ta ga tsarin a aikace a babban taron malaman kiɗa da aka yi a Budapest a 1964. A 1975 aka kafa cibiyar horar da malamai a Kecskemét da kuma ƙungiyar Kodály ta ƙasa da ƙasa. A 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin kyawawan hanyoyin adana al'adun gargajiya.

Saɓani

Magoya baya na cewa waƙar kullum tana ƙarfafa karatu da lissafi. Masu bincike ba su yi ittifaƙi a kan girman wannan tasiri ba. Wasu malamai kuma na ganin jerin da ya fara da "so" da "mi" ya dace da waƙoƙin Hangari ne, don haka kowace al'umma sai ta sake jera darussan bisa nata waƙoƙin.