Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Idan tsohuwa ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta maimaita sallar da ta gama yanzun nan, sai a ce, "Ai tsufa ne." In kuwa aka tsince ta da tsakar dare a wata unguwa tana sambatu, nan take wasu za su ce mayya ce ko aljanu ne suka shafe ta. Duka biyun kuskure ne.

Tsufa kaɗai ba ya kawo wannan. Akwai 'yan shekara 90 da hankalinsu yake garau. Gigin tsufa ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mafi yawansa cutar Alzheimer ce, wadda likita Bajamushe Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Wani kuma toshewar jijiyoyin jini ke jawo shi, shi ya sa hawan jini da ciwon suga suke da hannu.

Ba a samo maganin warkar da Alzheimer ba, amma a kai tsohuwar asibiti, domin wata ruɗewar na da magani. In ta tambayi mijinta da ya rasu tuntuni, kada a yi musu da ita. A ce, "Inna, ba mu labarinsa."