Ba Kowace Furosesa Ce Ke Zama a Tsohuwar Kwamfuta Ba

Da zarar tsohuwar kwamfutar tebur ta fara jan ƙafa, sai ka ji an ce a sauya mata furosesa kawai, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukanta. Mutane da yawa sun ɗauka duk wadda aka sayo za ta zauna daram. Ba haka abin yake ba.

Kowace furosesa da irin gurbinta a kan madabod, wato babban allon da ake haɗa duk sassan kwamfutar a kansa. Wadda Intel ta ƙera wa gurbin LGA 1155 na 2011 ba za ta shiga LGA 1150 na 2013 ba, duk da allurai biyar kacal ne bambancinsu, wato siraran ƙarafan cikin gurbin da ke taɓa furosesar. In ka danna ta da ƙarfi, siraran alluran gurbin su lanƙwashe, madabod ɗin ya tashi aiki. Ko gurbin ya dace, wani lokacin sai an sabunta BIOS, wato manhajar madabod da ke fara tayar da kwamfutar, tukuna, in ba haka ba ka kunna, fanka na ta juyawa, sikirin kuwa baƙi ƙirin.

Abin da ya fi damuna ma, sau da yawa furosesar ba ta da laifi. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ke riƙe komai. Sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, da ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki, kwamfutar da ke shafe mintuna kafin ta buɗe sai ta farka cikin daƙiƙoƙi.