Abin da dokar Koriya ta Kudu ta ba 'ya'yanta da aka kai riƙo ƙetare idan suka dawo neman asali

Wanda aka haifa a Koriya ta Kudu aka ɗauke shi yana jariri zuwa Amurka ko Faransa ko Sweden, ranar da ya fara sauka a filin jirgin Incheon da fasfon wata ƙasa zai shiga, kuma a layin baƙi zai tsaya. A idon doka shi ba ɗan ƙasa ba ne. Irinsa ba kaɗan ba ne: tun bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 an fitar da yara kimanin 200,000, mafi yawansu zuwa Amurka, kuma a 1985 kaɗai an tura fiye da 8,000. Riƙon nan ba irin wanda muka sani ba ne, inda yaro ke tashi a hannun gwaggo ya kuma san gidan ubansa. A nan kotu ce ke mai da masu riƙo iyaye, a sauya wa yaro suna da ƙasa, a yanke alaƙarsa da waɗanda suka haife shi.

Shiga ƙasar ba shi da wuya. Wanda ya zo ziyarar 'yan makonni da fasfon Amurka ko na yawancin ƙasashen Turai ba ya buƙatar biza. Mai son zama ya daɗe kuwa, dokar 'yan asalin Koriya mazauna ƙetare ta 1999 ta ba shi damar neman bizar da ake kira F-4, wadda ke kai shekara uku ana sabuntawa. Da ita zai kama haya, ya buɗe asusun banki, ya yi aiki, in ban da aikin leburanci. Sai dai dole ya kawo takardar da ke nuna ya taɓa zama ɗan Koriya, wato rajistar iyalin da aka yi masa kafin a fitar da shi.

Daga 1 ga Janairun 2011 an ƙara buɗe wata ƙofa. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa ya ba wanda aka kai riƙo tun yana yaro damar dawo da matsayinsa na ɗan Koriya ba tare da ya ajiye fasfon ƙasar da ya tashi ba. Sharaɗin shi ne ya sa hannu kan alkawarin cewa muddin yana cikin Koriya ba zai yi amfani da matsayinsa na ɗan wata ƙasa ba. Namiji ya kamata ya fara tambayar matsayinsa game da aikin soja kafin ya cike takarda, tunda a can wajibi ne a kan maza.

Amma yawancin masu zuwa ba biza ce ta kawo su ba. Suna ne suke nema, sunan uwa ko na uba, kuma a nan dokar take da tsauri.

Dokar riƙo ta musamman da aka yi wa gyara a 2011, ta fara aiki a watan Agustan 2012, ita ce ta rubuta ƙarara cewa wanda aka riƙa yana da haƙƙin neman bayanan riƙonsa. Zai iya ganin ranar da aka karɓe shi, inda aka ce an same shi, gidan marayun da ya zauna, da dalilin da aka rubuta na bayar da shi. Abin da ba zai gani ba shi ne cikakken sunan iyayensa da adireshinsu da lambar wayarsu, sai in su iyayen sun amince. Hukuma ce ke neman adireshinsu ta aika musu da wasiƙa. Idan sun ce a'a, magana ta ƙare. Idan sun yi shiru, ko wasiƙar ba ta same su ba, nan ma ba a bayarwa. Togaciya ɗaya ce: idan iyayen sun rasu ko ba sa cikin halin da za su iya ba da izini, kuma akwai dalili na musamman kamar na rashin lafiya, ana iya buɗe bayanan.

Hujjar masu kare wannan tsari ba ta banza ba ce. Da yawa daga cikin matan sun haihu ne ba aure a lokacin da hakan abin kunya ne ƙwarai, daga baya suka yi aure ba su gaya wa kowa ba, kuma wasiƙa ɗaya na iya tarwatsa musu gida. Duk da haka, a ganina dokar ta karkata. Dattijuwar da ta ƙaura, ko wadda wani ya karɓi wasiƙar a madadinta ya jefar, ba ta ƙi ɗanta ba, amma sakamakon ɗaya ne da na wadda ta ƙi.

Ga kuma matsalar da ta fi wannan girma: ita kanta takardar tana iya zama ƙarya. Shekara da shekaru kamfanonin riƙo masu zaman kansu, irin su Holt da Eastern, ne suka riƙe fayil-fayil. An yi wa yara da yawa rajista a matsayin marayun da aka tsinta alhali iyayensu na raye, saboda hakan ya fi saurin samar da takardun fita. A watan Maris na 2025 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ƙasar ta tabbatar da tauye haƙƙi a ƙorafi 56 cikin 367 da aka kai mata, har da inda aka tura wani yaro da sunan wani. A watan Oktoban shekarar shugaban ƙasa Lee Jae-myung ya nemi afuwa. Tun daga Yulin 2025 sababbin dokoki sun ɗauke harkar riƙo daga hannun kamfanonin sun mai da ita wuyan gwamnati, don haka yanzu buƙatar neman bayani tana zuwa ne ga cibiyar kare haƙƙin yara ta ƙasa, NCRC. Mai shirin tafiya gara ya aika da buƙatarsa tun watanni kafin ya sayi tikiti, don ba abu ne da ake gamawa cikin hutun mako biyu ba.

Wanda fayil ɗinsa ya ce ba a san iyayensa ba, hanyar da ta rage masa ita ce gwajin DNA. 'Yan sandan Koriya suna da rumbun samfurin iyalan da 'ya'yansu suka ɓace, kuma tun 2020 ana iya ba da samfuri a ofisoshin jakadancin Koriya da ke ƙasashe 14 ba sai an je can ba. Amfaninsa ya dogara ne da ko wani daga dangi ya taɓa kai nasa. Shi ya sa da yawa ke haɗawa da gwajin kamfanoni, ko su nemi taimakon ƙungiyar G.O.A.'L., wadda waɗanda aka riƙa suka kafa a Seoul a 1998, musamman wajen samun tafinta, tunda yawancinsu ba sa jin harshen Koriya.

Ta irin wannan gwaji ne Kara Bos, wadda aka kai Amurka a 1984, ta gano dangin mahaifinta. Da suka ƙi ba ta hanyar ganinsa sai ta kai ƙara, kuma a watan Yunin 2020 kotun iyali ta Seoul ta yanke hukuncin cewa 'yarsa ce, karon farko da wanda aka kai riƙo ƙetare ya ci irin wannan shari'a. Hukuncin ya ba ta damar shiga rajistar iyalinsa, amma bai tilasta masa ya yi magana ba. Sun haɗu bayan shari'ar, bai gaya mata sunan mahaifiyarta ba, wanda tun farko shi ta zo nema.