Zaurancen Masu Tara Katunan Ƙwallon Kwando

Katin ƙwallon kwando ɗan kwali ne mai hoton ɗan wasa a gaba, a bayansa kuma akwai sunan ƙungiyarsa da alƙaluman wasanninsa. Girman da aka saba da shi inci biyu da rabi ne a faɗi, inci uku da rabi a tsawo, ma'aunin da kamfanin Topps ya tsayar a 1957. Harkar tara katunan ta Amurka ce, can aka faro ta, can ne kuma babbar kasuwarta take har yau. Masu harkar suna da zaurancensu na taƙaitattun haruffa da lambobi, duk daga Ingilishi. Tallar kati na iya zuwa a layi ɗaya kamar haka: 2003-04 Exquisite RPA /99 BGS 9. Baƙo ba zai tsinci komai a ciki ba. Ɗan gari kuwa ya riga ya ji kakar wasa, da sunan jerin, da irin katin, da yawan kwafin da aka buga, da makin lafiyarsa. Kusan kowane harafi a wannan zaurance yana da tarihin da ya haife shi, ko dai wata sabuwar dabarar kamfani, ko wata gardama tsakanin masu tarawa.

Asali

Da farko katin ba shi ne hajar ba, gyara ne da ake ɗorawa a kan cingam. A 1948 kamfanin cingam na Bowman da ke Filadelfiya ya fitar da jerin katuna 72, wanda galibi ake ɗauka shi ne babban jeri na farko na ƙwallon kwando, kuma a cikinsa ne katin George Mikan mai lamba 69 yake. Daga nan aka yi ta yi ana dainawa. Topps ya fitar da jeri guda mai katuna 80 a kakar 1957-58, inda Bill Russell ya fara bayyana, sannan ya janye. Kamfanin Fleer ya yi nasa a 1961-62 da katuna 66, ciki har da na Wilt Chamberlain da Oscar Robertson da Jerry West, shi ma ya janye. Sai a 1969-70 Topps ya dawo da wasu dogayen katuna da ake wa laƙabi da tall boys, wato dogayen samari, saboda tsawonsu ya haura inci huɗu da rabi. A cikinsu akwai katin Lew Alcindor, wanda daga baya ya koma Kareem Abdul-Jabbar.

A wancan zamani ana naɗe katunan tare da cingam a cikin takarda mai kaki. Daga nan aka samo kalmar wax, wato kaki, wadda har yanzu ake kiran duk wani ƙunshi ko kwali da ba a buɗe ba da ita, alhali an daɗe da daina amfani da irin wannan takarda. Tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da wajen 1994 kamfanoni sun buga katuna fiye da kima, har yawancinsu suka rasa daraja. Wannan lokaci ne ake kira junk wax, tarkacen kaki. Ba a tsayar da shekarun farawa da ƙarewarsa ba, kowa da inda yake ja layi.

RC da XRC

Babu haruffan da suka kai RC nauyi a wannan harka. Suna nufin rookie card, katin farko na ɗan wasa a cikin babban jeri mai lasisi, wanda aka rarraba a kasuwa cikin ƙunshi. A ƙa'ida ya kamata ya zo daidai da shekarar da ɗan wasan ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma giɓin da kamfanoni suka riƙa bari ya sa ba kullum haka take kasancewa ba. Bob Cousy ya shafe shekaru yana wasa kafin katinsa na 1957-58 ya fito, duk da haka shi ne RC ɗinsa.

Giɓin da ya fi jawo magana shi ne wanda ya biyo bayan kakar 1981-82, lokacin da Topps ya sake ajiye ƙwallon kwando. Wani ƙaramin kamfani mai suna Star ya karɓi lasisin buga katunan NBA daga 1983 zuwa 1986. Shi bai sayar da katunansa a ƙunshin cingam ba, sai dai ya zuba na kowace ƙungiya a leda, ya miƙa wa dillalan harkar. A haka katin Michael Jordan mai lamba 101 na kakar 1984-85 ya fito, a ainihin shekararsa ta farko. Da Fleer ya dawo a 1986-87 da jerin katuna 132 a ƙunshi, tare da sitika da cingam, sai ya zamana duk taurarin da suka shigo a waɗannan shekaru sun sami katinsu na farko na gama-gari a lokaci guda: Jordan a lamba 57, da Charles Barkley, da Patrick Ewing, da Karl Malone, da Clyde Drexler, da Isiah Thomas, da Dominique Wilkins. A lamba 82 akwai Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ƙungiyar Houston ta ɗauka a matsayin zaɓi na ɗaya a 1984, shekarar da aka ɗauki Jordan a na uku. A kan katin an rubuta sunansa Akeem, domin sai a 1991 ya gyara rubutun zuwa Hakeem.

To wanne ne katin farko na Jordan? Mujallun farashi na Beckett, waɗanda masanin ƙididdiga James Beckett ya kafa, sun bai wa na Fleer RC, na Star kuma suka sa masa XRC, alamar da ake bai wa katin farko da ya fito ta hanyar da ba ta ƙunshin kasuwa ba. Yawan jabun katunan Star ya ƙara raunana su, har kamfanin tantancewa na PSA ya shafe shekaru masu yawa ba ya karɓar su kafin ya dawo. Masu goyon bayan Star suna da hujja mai ƙarfi, tun da nasu ya riga fitowa da shekara biyu, kuma yana da cikakken lasisi. Kasuwa dai ta fi karkata ga na Fleer. A farkon 2021 an sayar da kwafi biyu na Fleer ɗin masu makin PSA 10, wato maki mafi girma, a gwanjon Goldin, kowanne a kan dala 738,000.

Akwai kuma katin Topps na 1980-81 mai gida uku, wanda aka yi masa layin huji don a yage shi. Larry Bird na gefe ɗaya, Magic Johnson na ɗaya gefen, Julius Erving a tsakiya. Kati ɗaya ya zama RC na mutum biyu, Bird da Johnson, kuma da yake yara sun yage da yawa kamar yadda aka nufa, wanda ya tsira a haɗe shi ne abin nema.

A yau kamfanoni kan buga tambarin RC a fuskar katin da kansu.

Ƙarancin da aka tsara

Tsofaffin katuna sun yi wuyar samu ne don an zubar da su ko sun lalace. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka fara ƙirƙirar ƙarancin tun daga maɗaba'a, kuma yawancin kalmomin zamani daga nan suka fito.

Base shi ne katin yau da kullum na cikin jeri. Insert kati ne mai zane dabam da lambobinsa dabam, da ake cusawa jefi-jefi a ƙunshi. Parallel kuwa hoton base ne aka sake bugawa da wani launi ko ƙyalli, cikin adadi kaɗan. SP na nufin an buga shi ƙasa da sauran 'yan jerinsa, SSP kuma ƙasa da hakan sosai. Ba kasafai kamfani ke faɗin adadin waɗannan biyun ba, don haka mai sayarwa na iya liƙa su a tallarsa ba tare da wata shaida ba.

Inda ake da tabbas shi ne katin da aka buga wa lamba. Idan an ga 17/99, to shi ne na 17 cikin kwafi 99, a talla kuma a taƙaice ake rubuta /99. Wanda lambarsa ta yi daidai da ta rigar ɗan wasan, kamar 23 ga Jordan, yakan fi tsada. Ƙarshen tsanin shi ne 1/1, tilo a duniya. Farantan ɗab'i na ƙarfe da aka buga katin da su ma ana sa su a ƙunshi a matsayin 1/1, guda huɗu, ɗaya ga kowane launin tawada.

Refractor suna ne mallakar Topps na katin da ke fasa haske ya ba da launukan bakan gizo. Ya shigo ƙwallon kwando ta jerin Finest na 1993-94, ya kuma yi fice da Topps Chrome na 1996-97, inda katin farko na Kobe Bryant yake a lamba 138. Kamfanin Panini, da yake ba shi da ikon amfani da sunan, ya kira nasa Prizm tun daga 2012-13, kuma nau'in da ake kira Silver ne ya zama ma'aunin farashin sabon ɗan wasa na tsawon shekaru. PMG taƙaicen Precious Metal Gems ne na jerin Metal Universe na 1997-98: kwafi 100 ga kowane ɗan wasa, 10 na farko kore, sauran 90 ja. Fentinsu na saurin ɓarewa a gefe, shi ya sa mai cikakkiyar lafiya ke da wuyar gani.

Sa hannu da ƙyallen riga

AU ko auto na nufin ɗan wasan ya sa hannu. Ana bambanta wanda ya riƙe katin ya sa hannu a kansa, da wanda ya sa hannu a kan sitika aka liƙa daga baya. Na farkon ya fi ƙima a idon masu tarawa, kuma da dalili, domin katin ya ratsa hannun mai shi. Idan sa hannun bai iso ba kafin a rufe kwalaye, sai a saka katin alkawari da ake kira redemption, wanda mai shi zai yi rajistarsa ya jira, wani lokaci shekaru.

GU na nufin an yanko ƙyallen da ke jikin katin daga rigar da aka buga wasa da ita. Kamfanin Upper Deck ne ya kawo wannan dabara ƙwallon kwando a 1997-98. A nan ake bukatar karanta bayan kati da kyau: wani ƙyallen ɗan wasan ya sa rigar ne kawai wajen ɗaukar hoto, wani kuma kamfanin ya rubuta cewa bai fito daga wani takamaiman wasa ba. Patch yanki ne daga lamba ko harafi ko tambarin riga, mai launi fiye da ɗaya.

Idan abu uku suka haɗu, katin shekarar farko da patch da sa hannu, shi ne RPA. Jerin Exquisite Collection na Upper Deck na 2003-04 ne ya ɗaukaka shi, lokacin da aka sa wa kwali mai katuna biyar dala 500, kuɗin da mutane da yawa suka ga ya wuce hankali. RPA na LeBron James daga wannan jeri, nau'in mai kwafi 23, an sayar da shi dala miliyan 5.2 a Afrilun 2021.

Logoman shi ne tambarin NBA da aka ciro daga riga aka dasa a kati, galibi 1/1. An yi ittifaƙi cewa inuwar Jerry West ce a tambarin, wanda Alan Siegel ya zana a 1969, ko da yake hukumar gasar ba ta tabbatar a hukumance ba. Logoman na Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kai kimanin dala miliyan 1.8 a 2020. Na Luka Dončić ya kai miliyan 4.6 a 2021.

Maki

Katin da ba a tantance ba ana kiransa raw, ɗanye. Wanda aka tantance ana rufe shi a marufin roba mai tauri da ake kira slab, da takardar maki a samansa. Cikin kamfanonin tantancewa, an kafa PSA a 1991, SGC a 1998, Beckett kuma ya buɗe BGS a 1999. Duka suna ba da maki daga 1 zuwa 10, amma lambobin ba ɗaya suke ba. A PSA 10 ne Gem Mint, wato kati mai cikakkiyar lafiya, kuma babu 9.5. A BGS 9.5 ne Gem Mint, 10 kuma Pristine. BGS na ba da ƙananan maki huɗu: daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuska. Idan huɗun duka suka sami 10 sai a ba da baƙar takarda, Black Label.

Akan ga haruffan aibi da PSA ya ƙara bayan maki: OC idan hoton ya karkace, MC idan yankan ya kauce, ST tabo, MK alamar biro ko fensir, PD kuskuren ɗab'i. Pop shi ne adadin kwafin da kamfani ya ba wa wani maki. Yakan ɗara gaskiya, domin mutane na fasa marufi su sake tura katin da fatan maki mafi girma, a ƙirga shi sau biyu. Aske gefen kati don ya yi kyau ana ɗaukarsa ha'inci, kuma an sha zargin cewa irin waɗannan sun tsallake tantancewa.

Kwali da ciniki

Kwalin hobby na shagunan harkar ne, ya fi tsada, yawanci kuma da tabbacin samun hit, wato kati mai sa hannu ko ƙyalle. Retail na manyan kantuna ne, da nau'o'insa irin su blaster da hanger da mega. Case hit kati ne da ke fitowa kusan ɗaya a katan guda, kamar Kaboom! na Panini. Break shi ne a haɗa kuɗi a sayi kwali, a buɗe shi kai tsaye ta bidiyo, kowa ya kwashi katunan ƙungiyar da ta faɗo masa. Masu suka suna ganin ya yi kama da caca.

PC kayan da mutum ya ware wa kansa ne, ba na sayarwa ba. BIN farashi ne tsayayye, OBO na nufin ana iya tayawa, comps kuma farashin da irin katin ya tafi a kai kwanan nan. PWE aikawa ce a ambulan, BMWT a jaka mai laushin ciki da lambar bibiya.

Lasisi

Panini ya riƙe lasisin NBA shi kaɗai daga 2009-10. Daga kakar 2025-26 ya koma hannun kamfanin Fanatics, wanda ya sayi Topps a 2022.